Wa ke sauraron wayarka a Saudiyya, kuma wace kotu ce ke jiran abin da ya ji?

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Makka da Madina da Jidda da Riyad, da alhazai da masu zuwa Umra, da iyalan da ke gida suna jiran kira daga ƙasa mai tsarki.

A watan Yulin 2023, wata kotu a Saudiyya ta yanke wa wani malamin makaranta mai ritaya hukuncin kisa. Sunansa Muhammad al-Ghamdi, kuma a ƙofar gidansa a Makka aka kama shi a watan Yunin 2022. Bai dasa bam ba, ba a ce ya kashe kowa ba. Abin da aka ɗora a gabansa shi ne rubuce-rubucensa a Twitter da abin da ya yi a YouTube. Ƙungiyar Human Rights Watch, wadda ta ga takardun shari'ar, ta ce shafuka biyun da aka jingina masa mabiyansu duka-duka mutum 10 ne. Daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin kisan, a 2024 aka mayar da shi ɗaurin shekara 30. Shi kansa Yarima mai jiran gado, Muhammad bin Salman, da tashar Fox News ta tambaye shi a Satumban 2023, bai musa ba. Ya ce abin kunya ne, ya ɗora laifin a kan dokoki marasa kyau da ake ƙoƙarin canzawa.

To ta yaya idon hukuma ya kai kan mutumin da mutum 10 kawai ke karanta shi? Kuma wace irin kotu ce za ta dubi wannan ta kira shi ta'addanci?

Kada wani ya ɗauka Saudiyya ba ta ɗanɗani ta'addanci na gaske ba. Ta ɗanɗana. A watan Mayun 2003 'yan al-Qa'ida sun tayar da bama-bamai a rukunin gidajen ma'aikata a Riyad. A 2004 aka kai hari Khobar, a 2006 aka yi yunƙurin tarwatsa cibiyar mai ta Abqaiq. A 2015 'yan ISIS suka riƙa kashe masallata a masallatai. A azumin 2016, ana shirin buɗa-baki, ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam dab da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, jami'an tsaro 4 suka rasu. Duk gwamnatin da aka yi wa haka dole ta tashi tsaye, kuma babu mai hankalin da zai ce ta naɗe hannu.

Bayan hare-haren farko aka kama dubban mutane, da yawansu suka yi shekaru a tsare ba a kai su gaban alƙali ba. Domin su ne a 2008 aka kafa kotu ta musamman a Riyad, wadda ake kira Almahkamatul Jaza'iyyatul Mutakhassisa, ita ce daga baya ta yanke wa al-Ghamdi hukuncin kisa. A 2009 hukuma ta sanar da cewa an kammala shari'ar mutum 330. Ba a bari jama'a ko 'yan jarida sun shiga ba. Tun daga haihuwarta ke nan ƙofarta a rufe take.

Ba a daɗe ba aka fara kawo mata wasu irin mutane daban. A 2014 aka yi dokar yaƙi da ta'addanci, a cikin shekarar kuma kotun ta ɗaure Waleed Abu al-Khair, lauya mai kare haƙƙin ɗan Adam daga Jidda, shekara 15. A Nuwamban 2017 aka maye gurbin dokar da sabuwa. Ita wannan, a ma'anar da ta ba ta'addanci, ta haɗa har da abin da zai dagula tsarin zaman jama'a ko ya girgiza kwanciyar hankalin ƙasa, kalmomi masu faɗin da za su iya haɗiye wa'azi da waƙa da raha. Sashe na 30 ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda ya siffanta Sarki ko Yarima mai jiran gado da abin da ke sukar addininsa ko adalcinsa. A gefe kuma ga dokar laifukan intanet ta 2007, wadda ke kai mutum gidan yari har shekara 5, da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 3, idan ya rubuta ko ya tura abin da ya taɓa tsarin jama'a ko darajojin addini. A lura da kalmar turawa. Ba sai kai ne ka rubuta ba. Masu gabatar da ƙara sukan haɗa dokokin biyu su jera tuhuma kan tuhuma, shi ya sa za ka ji shekaru 20, 30, a kan maganar da bakinka ko yatsanka ya yi. A shekarar 2017 ɗin kuma aka cire 'yan sandan ciki, wato Mabahis, daga ma'aikatar cikin gida, aka sa su ƙarƙashin sabuwar hukumar tsaron ƙasa, Amnud Daula, wadda ke amsa umarni kai tsaye daga sama.

Yanzu mu zo kan sauraro. Babbar dokar mulkin Saudiyya ta 1992, a sashe na 40, ta ce wasiƙa da maganar waya abubuwa ne masu alfarma, ba a karanta su ba a saurare su sai inda doka ta ba da dama. Magana ce mai kyau, kuma ta dace da faɗin Allah a Suratul Hujurat da ya hana bin diddigin asirin mutane. Amma wa ke ba da damar? A dokar bin bahasin laifuka, shugaban masu gabatar da ƙara, wato Niyaba, shi ke sa hannu a naɗi maganar waya na kwana 10, kuma ana iya sabuntawa. Alƙali ba ya cikin lissafin. Ofishin da ke neman hujja a kanka shi ne ofishin da ke ba kansa izinin shiga wayarka.

Dalilin da ya sa ƙasashe da yawa suka ce sai da warantin alƙali ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Mai bincike, ko na kirki ne, yana son ya ji komai, don aikinsa ke nan. Shi ya sa ake sa wani na daban, wanda ba shi da riba a kamun, ya tambaye shi: wa kake zargi, da wane laifi, mece ce hujjarka, har zuwa yaushe? Sannan takardar ta zauna a fayil, ta yadda gobe lauyan wanda ake tuhuma zai iya ɗauko ta ya ce an wuce gona da iri. Idan babu wannan takarda, babu abin da za a ƙalubalanta.

Kunnen kuma yana farawa ne daga wuri mai sauƙi. Ka je shagon waya a Sharar Mansur ko a Bab Makka za ka sayi layi. Mai shago zai karɓi iƙamarka, wato takardar izinin zama a ƙasar, ko fasfonka, ya turo maka 'yar na'urar nan mai haske, ka ɗora yatsa, ya ce ka ƙara dannawa, sai saƙo ya shigo. Tun 2016 haka tsarin yake. Daga wannan minti layin ya zama kai, kai ka zama layin. Ko ka ara wa ƙanenka, ko ka bar wa wani alhaji ranar da za ka tafi, duk abin da aka yi da shi yatsanka ne a kai.

Wasu sukan ce ai ni ba da sunana na buɗe shafi ba. A tsakanin 2014 da 2015, ma'aikatan Twitter biyu sun riƙa ɗebo bayanan masu shafuka suna miƙa wa jami'an Saudiyya: adireshin imel, lambar waya, da lambar da ke nuna inda mutum ya hau intanet. Masu gabatar da ƙara a Amurka sun ce ɗayansu, Ali Alzabarah, ya leƙa shafuka sama da 6,000 kafin ya tsere zuwa Saudiyya. Ɗayan, Ahmad Abouammo, kotu a San Francisco ta same shi da laifi a 2022, ta ɗaure shi wata 42. An nuna ya karɓi agogo mai tsada da dala 300,000. A watan Maris na 2018 aka ɗauke Abdurrahman al-Sadhan daga ofishinsa na ƙungiyar agaji ta Red Crescent a Riyad. Yana da shafin shaguɓe wanda babu sunansa a kai. Kusan shekara 2 iyalansa ba su ji muryarsa ba, sai a 2021 kotun nan ta musamman ta ɗaure shi shekara 20, da haramcin fita ƙasar na wasu 20. Danginsa sun yi imani ta wannan ɓarakar ta Twitter aka gano shi.

Sai manhajar leƙen asiri ta Pegasus, wadda kamfanin NSO na Isra'ila ke sayar wa gwamnatoci. Idan ta shiga waya, tana karanta saƙo kafin a kulle shi da kuma bayan an buɗe shi, tana iya kunna kyamara da makirufo ba ka sani ba, don haka kullen WhatsApp ba ya tsinana komai. A Oktoban 2018 cibiyar Citizen Lab ta jami'ar Toronto ta gano ta a wayar Omar Abdulaziz, ɗan Saudiyya mai sukar gwamnati da ke zaune a Kanada, ta kuma danganta kutsen da Saudiyya. Omar abokin hirar ɗan jarida Jamal Khashoggi ne, wanda aka kashe a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya a Santambul ranar 2 ga watan. Kamfanin ya ce don kama 'yan ta'adda da manyan masu laifi yake sayar da kayansa. A 2021 Amurka ta sa shi cikin jerin kamfanonin da ta ƙaƙaba wa takunkumin ciniki.

Amma wanda ya fi tayar min da hankali ba na'ura ba ce, mutum ne. Akwai manhajar hukuma mai suna Kulluna Amn, da aka yi don jama'a su riƙa kai rahoton haɗari da laifuka. Salma al-Shehab, uwar 'ya'ya 2, tana karatun digiri na uku a jami'ar Leeds a Ingila. Ta zo hutu gida, aka kama ta a Janairun 2021 saboda rubuce-rubucen Twitter na goyon bayan matan da ke tsare. Jaridar Guardian ta gano cewa tun kafin kamun wani ya amsa mata a ƙarƙashin wani rubutu, ya ce ya kai ƙararta a wannan manhaja. Da farko shekara 6 aka ba ta. Da aka je ɗaukaka ƙara a 2022, sai aka mayar da shi 34. Bayan duniya ta yi caa, aka rage zuwa 27, aka sake ragewa zuwa 4, ta fito a Fabrairun 2025. Rubutu ɗaya, mace ɗaya, hukunci huɗu. Akwai hadisi a Sunan Abi Dawud da ke gargaɗin cewa idan shugaba ya shiga neman abin zargi a cikin mutane, to zai lalata su. Ana ganin haka a majalisa bayan Isha'i: ana shan shayi ana hira, wani ya ambaci Gaza ko tsadar kuɗin iƙama, sai dattijon wurin ya kalli wayoyin da ke kan tabarma ya ce, "Malam, baki shi ke yanka wuya," a koma maganar ƙwallo.

Idan an kama mutum da dokar ta'addanci, masu gabatar da ƙara na iya hana shi magana da kowa har kwana 90. Suna iya tsare shi har wata 12 kafin shari'a, kotu kuma ta ƙara. Suna iya hana shi lauya a lokacin bincike idan sun ga hakan ya fi wa binciken. Ka auna wannan a gidan ɗan'uwanmu tela a Hindawiyya. Bai dawo ba, wayarsa a kashe. Matarsa za ta fara da asibiti, ta je ofishin shurɗa, wato 'yan sanda, ta sa a duba mata Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, ko kamen marasa takarda ne ya rutsa da shi. Ba za ta kawo kurkukun Dhahban a ranta ba, balle Alha'ir da ke kusa da Riyad. A cikin waɗannan watanni ne ake rubuta bayanin amsa laifi, ba lauya, ba ɗan'uwa. Amnesty International ta bi shari'ar mutum 95 da aka yi a wannan kotu daga 2011 zuwa 2019, ta ce a da yawansu wannan bayanin shi ne ginshiƙin hukunci, alhali mutanen sun faɗa wa alƙali azabtar da su aka yi suka sa hannu. Hukumomin Saudiyya suna musanta azabtarwa. To amma idan ƙofa a rufe take, wa zai tabbatar da gaskiyarsu, wa zai tabbatar da ta fursunan?

A ƙa'ida, dokar Saudiyya ta ce zaman kotu a buɗe yake, sai in alƙali ya ga dalilin tsaro ko na tarbiyya. A wannan kotu togaciyar ce ta zama al'ada. Dokar 2017 ma ta ba kotu damar sauraron shaidu da ƙwararru ba tare da wanda ake tuhuma ko lauyansa suna wurin ba, daga baya a gaya masa abin da aka faɗa, a ɓoye masa wanda ya faɗa. Sheikh Salman al-Awda, wanda ɗaliban ilmi da yawa a ƙasar Hausa suka sani, an kama shi a Satumban 2017, a 2018 aka nemi a kashe shi kan tuhuma 37, daga nan aka yi ta ɗage zama shekara bayan shekara. Ranar 12 ga Maris 2022 kuwa aka zartar wa mutum 81 hukuncin kisa a yini guda, iyalai da dama suka ce a labarai suka ji.

A nan ne abin ya fi ci min rai, domin mu mun gaji wani abu da ya fi wannan. Duk wanda ya taɓa zama a kotun Musulunci a Kano ko Sakkwato ko Zariya ya san izari. Kafin alƙali ya yanke hukunci, sai ya juyo ga wanda shari'a ke shirin kayarwa ya tambaye shi, a gaban shaidu: kana da sauran magana? Kana da suka a kan shaidun nan? Idan ya ce wannan shaidan maƙiyina ne, mun yi rigimar gona bara, sai a ba shi lokaci ya kawo hujja. Malaman Malikiyya sun ɗauki wannan da nauyi ƙwarai, har kotunan ɗaukaka ƙara kan rushe hukunci ɗungurungum don kawai ba a yi izari ba. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zai aika Sayyidina Ali alƙalanci Yaman, ya umarce shi kada ya yanke hukunci sai ya ji daga na biyu kamar yadda ya ji daga na farko. To ta yaya za ka soki shaidan da ba a faɗa maka sunansa ba? Ta yaya za ka ce wannan saƙon ba ni na tura ba, ƙanena ne ya ari wayata, ko an yanke farkon maganar, alhali ba a nuna maka yadda aka samo shi ba? Hujjar da aka tara a ɓoye aka gabatar a ɓoye, mai gaskiya da mai laifi duk ɗaya suke a gabanta, domin babu wanda zai iya amsa ta.

Na san akwai shaidan da in an bayyana shi za a kashe shi, akwai kuma sirrin aiki da in ya fita masu dasa bam za su amfana. Ana iya sakaye fuskar shaida amma a bar lauya ya yi masa tambayoyi. Ana iya rufe zama ɗaya a buɗe sauran, a kuma wallafa hukuncin da dalilansa. Malamin makaranta mai mabiya 10 kuwa, wane sirrin ƙasa ne ke cikin shari'arsa?

Wannan ciwo ba na Saudiyya kaɗai ba ne. A Disamban 2005 jaridar New York Times ta fallasa cewa bayan harin 11 ga Satumba gwamnatin Bush ta sa hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA sauraron wayoyi ba tare da warantin kotu ba. Shari'ar da ta fi nuna yadda sirri ke kare kansa tana da alaƙa da Riyad. Gidauniyar Al-Haramain, mai hedikwata a Riyad, tana da reshe a jihar Oregon, wanda Amurka ta hana taɓa kadarorinsa a 2004 bisa zargin alaƙa da ta'addanci. Cikin kuskure, jami'an gwamnati suka haɗa wa lauyoyin gidauniyar wata takardar sirri da aka ce tana nuna an saurari hirarsu ta waya. Hukumar binciken laifuka ta FBI ta zo ta karɓe ta. Da suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba za su kafa hujja da takardar ba, ko da daga abin da suka tuna ne, don sirrin ƙasa ce. Duk da haka a 2010 alƙali Vaughn Walker ya yanke cewa an saurare su ba bisa doka ba, amma a 2012 aka soke diyyar da ya ba su. A 2013 kuma Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen 5 da 4, ta kori wata ƙarar, ta ce masu ƙarar ba su tabbatar ana sauraronsu ba, abin da sirrin kansa ya hana su tabbatarwa. Bambancin shi ne a can an samu jaridar da ta buga, da alƙalin da ya ce wa gwamnati ta yi laifi, kuma duka suka kwana a gidajensu. A Najeriya ma, lokacin da aka fara shari'ar ɗaruruwan waɗanda ake zargi da Boko Haram a barikin Kainji a Oktoban 2017, a asirce aka fara.

Alhaji da Hajiya masu shirin tafiya, abin da kuka rubuta a gida yana iya riga ku sauka. Saad Almadi, mai takardar zama ɗan Amurka da Saudiyya, an kama shi a filin jirgin Riyad a Nuwamban 2021 kan rubuce-rubuce 14 da ya yi a Twitter yana Amurka, aka ba shi shekara 16, sai a 2023 aka sake shi daga kurkuku. Dokar 2017 ta ce tana hawa kan baƙo kamar yadda take hawa kan ɗan ƙasa, har a kan wasu abubuwan da aka aikata a waje. Kada ka bar wa kowa layin da ke kan yatsanka. Ka bar kwafin fasfo da lambar iƙama a hannun wani naka. Idan aka tsare baƙo, yarjejeniyar Vienna ta 1963, a sashe na 36, ta ba shi haƙƙin ya nemi a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, kuma Najeriya na da ofishi a Riyad da ƙarami a Jidda. Dangi su kai rahoto a rubuce tun kwanakin farko, kada su zauna jiran kira.

Wannan haƙƙi na mai fasfo ne. Hausawan da suka zama 'yan ƙasa, masu amsa sunan Hausawi, jakadan wata ƙasa ba shi da hurumi a kansu. Akwai kuma waɗanda kakanninsu suka tako da ƙafa ta Chadi da Sudan suka haye Bahar Maliya, su kuma aka haife su a Makka ko Jidda, ba su da takardar Saudiyya, ba su da ta Najeriya ko ta Nijar. Idan aka ɗauke ɗaya daga cikinsu, babu ofishin da wata doka ta wajabta a sanar.